Kundin Aikin Shirya Ƙungiyarmu Domin Bin Dokokin Ƙirƙirarriyar Basira

11 ga Agusta, 2025

Kwamitin amintattu ya zauna yau a ofishinmu na Sakkwato, ya kafa ƙaramin kwamiti da zai shirya ƙungiyar domin bin sababbin dokokin da suka shafi amfani da ƙirƙirarriyar basira, wadda aka fi sani da AI, kuma ni aka danƙa wa riƙon wannan kundi domin kowane mataki ya kasance a rubuce da kwanan watansa. Aikinmu shi ne ba manoman fadama bashin taki da iri da maganin feshi da injin ban-ruwa, ba tare da kuɗin ruwa ba, su biya bayan girbi. Yawancin mambobinmu manoman albasa da shinkafa ne na Wurno da Goronyo da Kware da Rabah da Gada, sai ƙungiyoyin mata masu turara shinkafa suna sayarwa. Da masu neman bashi suka fi ƙarfin a bi su ɗaya bayan ɗaya, sai ƙungiya ta ɗauki wata manhaja da wani kamfani na Legas ya ƙera, wadda take duba bayanan manomi ta ba shi maki, kuma da wannan makin ake fitar da wanda zai samu da wanda zai haƙura.

Abin da ya tayar da maganar shi ne sabon daftarin yarjejeniya daga gidauniyar Turai da ke ba mu wani kaso na jari, inda aka gindaya sharaɗin cewa duk manhajar AI da ake yanke hukunci da ita a kan mutane da kuɗin gidauniyar, dole ta dace da ƙa'idojin dokar Tarayyar Turai mai lamba 2024/1689. Wannan doka ta fara aiki ranar 1 ga Agusta, 2024, amma daki-daki ake zartar da ita. Haramcin wasu ayyuka da wajibcin ilimantar da ma'aikata sun fara ranar 2 ga Fabrairu, 2025, ƙa'idojin manyan manhajoji masu aiki iri-iri sun fara ranar 2 ga wannan watan da muke ciki, nauyin da ke kan manhajoji masu babban haɗari kuwa an sa masa ranar 2 ga Agusta, 2026. Wanda ya aikata abin da aka haramta, tararsa tana iya kaiwa Yuro miliyan 35, ko kashi 7 cikin 100 na cinikinsa na shekara a duniya baki ɗaya, duk wanda ya fi yawa.

Lauyarmu ta bayyana wa amintattu cewa dokar tana hawa kan wanda ke wajen Turai ne idan ya kai manhajarsa kasuwarsu, ko kuma ana amfani da sakamakonta a can. Mu kuwa makinmu a nan yake farawa, a nan yake ƙarewa, don haka ta ƙofar yarjejeniya dokar ta shigo mana. Wadda ta hau kanmu kai tsaye ita ce Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu ranar 12 ga Yuni, 2023. Sashe na 37 na wannan doka ya ba kowane mutum haƙƙin kada na'ura ita kaɗai ta yanke masa hukuncin da zai yi babban tasiri a rayuwarsa, kuma ko a inda aka yarda da hakan, dole a ba shi damar neman mutum ya duba lamarinsa, ya faɗi ta bakinsa, ya kuma ƙalubalanci hukuncin. Na roƙi kwamiti mu fara daga wannan sashe, domin hana manomi taki a farkon rani hukunci ne da yake bin gidansa har shekara ta zagayo. An amince.

25 ga Agusta, 2025

Mun kammala ƙididdigar duk inda AI ta shiga aikinmu. Mun yi zaton manhajar maki ce kawai da mai ba da shawarar noma da ke amsa tambayoyin manoma ta WhatsApp, amma da aka zauna da kowane sashe sai ga wasu wurare sun fito. Sashen kuɗi yana amfani da wata manhaja da ke karanta hotunan rasit. Jami'an fili suna amfani da ChatGPT wajen tsara rahoton mako, wasunsu kuma suna liƙa masa jerin sunayen manoma da lambobin wayarsu da adadin bashinsu domin ya jera musu su a tebur. Shafin da muke karɓar takardun neman aiki ta cikinsa yana da wani ɓangare da ke jera masu nema bisa cancanta, kuma a kunne yake tun ranar da aka yi rajista.

Ga kowace manhaja mun rubuta wanda ya ƙera ta, da bayanan da take ci, da ƙasar da ake ajiye su, da wanda zai cutu idan ta yi kuskure, da sunan ma'aikacin da ke da alhakinta. Gurbin ƙarshe ne ya fi ba mu wahala, domin kowa yana amfani da kayan, amma ba wanda ya taɓa ɗaukar kansa mai alhakinsu.

8 ga Satumba, 2025

Mun jera kayan bisa matakan haɗari na dokar Turai. Ba mu da komai a cikin abubuwan da aka haramta, irin su ba jama'a maki bisa ɗabi'unsu na zaman tare domin a hukunta su a wani fanni daban, ko karanta yanayin zuciyar ma'aikata a wurin aiki. Manhajar maki da mai jera masu neman aiki sun faɗa rukunin babban haɗari, domin jadawali na uku na dokar ya ambaci auna cancantar mutum ta samun bashi da kuma tantance masu neman aiki. Mai ba da shawara ta WhatsApp yana ƙarƙashin sashe na 50, wanda ya wajabta a sanar da mutum cewa da na'ura yake magana. An kashe mai jera masu neman aiki a yau, tun da ma'aikatan da muke ɗauka a shekara ba su fi ƙarfin kwamiti ya karanta takardunsu da idonsa ba.

19 ga Satumba, 2025

Yau ne umarnin aiwatar da Dokar Kare Bayanai, wanda hukumar kare bayanai ta ƙasa, wato NDPC, ƙarƙashin Dakta Vincent Olatunji ta fitar a watan Maris, ya fara aiki. Tun da muna riƙe da bayanan dubban mutane, alhali wanda ya sarrafa bayanan sama da mutum 200 cikin wata shida ma yana shiga sahun manyan masu riƙe bayanai, wajibi ne mu kasance da rajista a hukumar da kuma jami'in kare bayanai. Amintattu sun naɗa mataimakiyar ma'aji a wannan matsayi, da sharaɗin za ta riƙa kai rahoto gare su kai tsaye ba tare da bi ta hannun manaja ba. Tarar da dokar ta tanada wa masu matsayinmu tana iya kaiwa Naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar shekarar da ta gabata, duk wanda ya fi yawa. An kuma tsara wanda zai kira wa idan bayanai suka fita ba bisa ƙa'ida ba, domin sa'o'i 72 kawai doka ta bayar a sanar da hukuma idan lamarin zai iya cutar da mutane.

6 ga Oktoba, 2025

Wannan shi ne aiki mafi nauyi zuwa yanzu. Sashe na 28 na dokarmu ya wajabta a yi nazarin illa kafin a sarrafa bayanai ta hanyar da ke da babban haɗari ga mutane, dokar Turai kuma ta nemi a binciki bayanan da aka koyar da manhaja da su domin gano son kai a cikinsu. Mun gayyato wani malamin ƙididdiga daga jami'a, muka buɗe masa tsofaffin littattafan biyan bashi da aka ba kamfanin lokacin da yake horar da manhajar, bayan an cire sunaye da lambobin waya.

Abu na farko da ya fito shi ne tarihin ƙasar nan kwance a cikin lambobi. A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na jihar Sakkwato saboda matsalar 'yan bindiga, kuma a lokacin jami'anmu na gabashin jiha ba su iya shigar da biyan kuɗi a ranar da aka biya ba, sai bayan sun fito inda akwai sabis. Littafi ya nuna waɗannan manoma sun makara, alhali a kan lokaci suka biya. A farkon 2023 kuma, lokacin ƙarancin takardun Naira bayan sauya fasalin kuɗi, manoma da yawa sun riƙe albasarsu babu mai saye da tsabar kuɗi, biya ya ja baya a kusan ko'ina, amma ya fi ja a ƙauyukan da babu banki babu mai POS. Manhaja ba ta san an katse layi ba, ba ta san kuɗi sun ɓace a kasuwa ba. Abin da ta koya kawai shi ne cewa mutanen Goronyo da Rabah da makamantansu suna jinkiri, sai ta riƙa rage wa duk wanda ya fito daga can maki, har da wanda bai taɓa cin bashinmu ba. Wato mutanen da rashin tsaro ya fi cuta su ne kuma aka fi matsa wa a wurin neman taki.

Abu na biyu ya shafi masu ajiya. Manomin da ya san sana'arsa ba ya zubar da albasa a kasuwa lokacin girbi da farashi ya faɗi, yakan zuba ta a rudu ya jira ta yi daraja, kuma jami'anmu sun saba ba irin waɗannan ƙarin lokaci da baki. Ba a rubuta iznin a littafi ba, kwanan biya kawai aka rubuta, don haka manhaja ta lissafa mafi iya kasuwanci a cikin masu taurin bashi.

Na uku shi ne mata. Manhajar tana ba da muhimmanci ga daɗewar layin waya da sunan mutum da kuma tarihin asusunsa, mata da yawa kuwa da wayar maigida suke aiki, biyansu kuma ta hannun uwar ƙungiya yake shiga a dunƙule. Ba a saka jinsi a cikin lissafin ba, kamfanin ma yana alfahari da hakan, amma layin waya ya tsaya a madadinsa, ya yi aikin da aka ce ba a yi.

A ganina wannan manhaja kamar mudu ne da aka daɗe ana awo da shi a kasuwa ba tare da kowa ya kifa shi ya duba gindinsa ba. Na ba amintattu labarin abin da ya faru a Holan, inda tsarin hukumar haraji ya riƙa ɗaukar iyaye masu shaidar zama ɗan ƙasa biyu a matsayin masu haɗarin zamba a tallafin renon yara, aka tilasta wa dubban iyalai mayar da kuɗin da suka cancanta, har gwamnatin ƙasar ta yi murabus a watan Janairu na 2021. Idan haka ta faru a ƙasar da ke da kotuna da lauyoyi da 'yan jarida a kowane lungu, manomin da ke bayan Lugu a yankin Wurno ba shi da wanda zai gano masa sai mu da muke riƙe da littafin.

Shawarar da aka yanke ita ce a cire ƙaramar hukuma da daɗewar layi daga lissafi, a yi wa watannin katse layi da na ƙarancin kuɗi alama a cikin bayanai, a kuma fara rubuta duk wani ƙarin lokaci da jami'i ya bayar a ranar da ya bayar da shi.

20 ga Oktoba, 2025

Mun aika wa kamfanin buƙatunmu a rubuce: bayanin abubuwan da manhaja ke dubawa da nauyin kowanne, manyan dalilan da suka sa kowane mutum ya samu makin da ya samu, ajiye tarihin duk hukunci na aƙalla wata shida kamar yadda dokar Turai ta nema daga masu amfani da irin wannan manhaja, da sunan ƙasar da bayananmu suke kwana, domin sashe na 41 zuwa na 43 na dokarmu sun ɗaure fitar da bayanai waje da sharuɗɗa. Sun amince da ajiye tarihi da fitar da dalilai, amma sun ce nauyin lissafi sirrin kasuwancinsu ne. Lauyarmu ta ba da mafita cewa su nuna wa malamin ƙididdiga shi kaɗai bayan ya sa hannu a takardar riƙe sirri. Har sai an sake horar da manhajar an kuma gwada ta, makinta ba zai hana kowa bashi a rabon ranin bana ba, jami'i ne zai yanke.

3 ga Nuwamba, 2025

Mun kai daftarin hanyar ƙorafi gaban manoma a wani ƙauye na yankin Wurno, daidai lokacin da ake shirin dashen albasa. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan sarkin noma bayan la'asar, maza suka zauna a waje, shugabannin mata kuma jami'armu ta same su a cikin gida. Na karanta musu sanarwar da lauya ta tsara, wadda aka juya zuwa Hausa, mai shafi biyu. Kafin in kai rabi na ga idanu sun koma kan injin ban-ruwa da wani yaro yake kwancewa a gefe. Da na gama, wani dattijo da ya daɗe yana cin bashinmu yana biya ya gyara zama ya ce, "Ranka shi daɗe, na'urar ga ta taɓa taka gonata? In ta hana ni, wurin wa za ni in kai kukana?" Na ce masa, "Baba, wurin mutum za ka, kuma za mu gaya maka sunansa da ranar da zai amsa maka." Sai ya ce to a rubuta hakan a takardar, a bar sauran.

A cikin gida, uwar ƙungiyar mata ta ce wa jami'armu, "'Yata, wayar ta maigida ce, amma shinkafar tawa ce, kuma ni ka biyan bashin. Bashin da munka ci bara mun biya, wa ya rubuta sunana?" Ba a rubuta ba, sunan ƙungiya ne a littafi. Daga wannan rabon kowace mace za ta samu katinta da tarihin biyanta da sunanta.

Bayan wannan zama aka sake rubuta sanarwar gaba ɗaya. Yanzu ba ta wuce abin da za a karanta a minti ɗaya ba, tana cewa akwai na'ura da ke duba bayananka ta ba da shawara, mutum ne ke yanke hukunci, idan an hana ka za a gaya maka dalili, kana kuma da damar kawo shaidarka a sake dubawa. An buga ta da boko da ajami, domin dattawa da yawa ajami suka fi karantawa, an naɗe ta da murya a Hausa da Fulatanci domin a riƙa turawa ta waya. Sashe na 27 na dokarmu ya wajabta a sanar da mutum idan ana amfani da na'ura wajen yanke masa hukunci, kuma sanarwar da mai ita bai fahimta ba ni ban ɗauke ta an cika wannan wajibi ba, ko da ya dangwala yatsa a ƙasanta.

Game da wa'adin amsa ƙorafi, daftarin farko ya ce kwana 30. Sarkin noma ya nuna mana cewa wanda ya jira wata guda a wannan lokaci dashe ya wuce shi, ko an ba shi takin daga baya bai amfana ba. An mayar da shi kwana 7 a lokacin rabo, kuma wanda zai duba ƙorafin ba zai zama jami'in da ya yanke hukuncin farko ba.

24 ga Nuwamba, 2025

Ranar 19 ga wannan wata Hukumar Tarayyar Turai ta gabatar da shawarar ɗage ranar da ƙa'idojin manhajoji masu babban haɗari za su fara aiki, har zuwa ƙarshen 2027 ga irin rukuninmu. Shawara ce da sai majalisarsu da ƙasashen ƙungiyar sun amince kafin ta zama doka. Duk da haka ɗaya daga cikin amintattu ya kawo ta a zaman yau, ya ce tun da masu dokar da kansu sun ja baya, bai ga dalilin da za mu ci gaba da kashe kuɗi a kan bincike da gwaji ba, alhali kuɗin zai sayi buhunan taki masu yawa. Magana ce mai nauyi daga mutumin da ya san darajar buhu ɗaya a hannun talaka, kuma ban ɗauke ta da wasa ba.

Amsar da na bayar ita ce, "Yallaɓai, sashe na 37 ba a ɗage shi ba, kuma abin da muka gani a littafin Goronyo ba zai gyaru don an sauya kwanan wata a Turai ba." Na ƙara da cewa ƙasar nan ma ta kama hanya, domin ma'aikatar sadarwa ƙarƙashin Dakta Bosun Tijani ta fitar da daftarin manufar ƙasa kan AI tun watan Agusta na 2024, Tarayyar Afirka kuma ta amince da tata manufar a birnin Akara a watan Yuli na wannan shekarar ta 2024. Abin da aka daidaita a kai shi ne a ci gaba da duk abin da ya taɓa manomi kai tsaye, a jinkirta neman takardar shaidar ISO 42001 ta ingancin tsarin kula da AI, wadda tsadarta ta fi ƙarfinmu a yanzu kuma babu dokar da ta wajabta mana ita.

8 ga Disamba, 2025

Mun koma kan mai ba da shawara ta WhatsApp. A takarda haɗarinsa ƙarami ne, amma da muka saurari tsofaffin tambayoyi da amsoshi tare da malamin gona, sai muka ga a aikace yana iya ƙona gona. An ba shi sunan mutum da hoton mutum, manoma da yawa suna gaishe shi suna tambayar iyalinsa, wasu har suna roƙonsa ya sa baki a ƙara musu taki. An cire sunan da hoton, kuma kowace hira yanzu tana farawa da murya mai cewa wannan na'ura ce, ba malamin gona ba ne.

Babbar matsalar tana wurin maganin feshi. Manomi yakan turo hoton ganyen albasa da ya yi tabo ya tambayi abin da zai fesa, na'ura kuma ta ba shi awo da lita a kowace hekta, shi kuwa da murfin kwalba yake awo a cikin tankin feshi na goyo, gonarsa ma da fangali yake ƙirga ta. A wata amsa ta ambaci paraquat, maganin ciyawa da hukumar NAFDAC ta haramta. An hana ta ba da awon kowane magani. Duk tambayar da ta shafi feshi ko cutar shuka za ta tafi wurin malamin gona, ya amsa da muryarsa a cikin yini guda. An bar mata lokacin shuka da tazarar dashe da ranakun rabo da makamantansu.

Hausar manhajar ma ta birni ce, tana tuntuɓe a karin harshen Sakkwato, musamman a saƙon murya da aka naɗa a bakin injin ban-ruwa. Mun nemi kamfanin ya gwada N-ATLaS, manhajar harsuna da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a watan Satumba, wadda ta ƙunshi Hausa da Yarabanci da Ibo, ya kwatanta ta da wadda yake amfani da ita a kan saƙonnin da masu su suka yarda a yi gwaji da su.

5 ga Janairu, 2026

An horar da dukkan ma'aikata, har da direbobi da masu tsaron sito, domin su ne manomi yake fara tambaya. Ƙa'idar da aka fi nanatawa ita ce kada a saka suna ko lambar waya ko NIN ko BVN ko adadin bashin kowa a cikin ChatGPT ko Gemini ko wata manhajar waje. An bar musu damar amfani da su wajen gyara rubutu da tsara rahoto, matuƙar babu bayanan mutum a ciki, domin hani gaba ɗaya zai sa a riƙa yi a ɓoye ne kawai. An kuma raba jadawalin kwamfuta na ofis da ke yin lissafin da suke nema, don buƙatar da ta kai su can ta gaskiya ce.

26 ga Janairu, 2026

Jami'ar kare bayanai ta gabatar da bitar rabon ranin bana. Ƙorafe-ƙorafe sun shigo, mafi yawansu ta bakin sarakunan noma da iyayen ƙungiyoyi, kaɗan ta waya, kuma an amsa kusan dukkansu cikin wa'adi. A cikin waɗanda aka sake dubawa akwai waɗanda aka juya hukuncinsu bayan sun kawo tsohon rasit ko shaidar jami'in da ya ba su ƙarin lokaci, akwai kuma waɗanda hanin ya tabbata, aka gaya musu dalili da abin da za su gyara kafin damina.

Wani abu ya dame ni a cikin rahoton. Ko da yake an ce jami'i ne ke yanke hukunci, da aka jera hukuncin jami'ai kusa da makin manhaja sai aka ga da wuya suke saɓa mata, wasu fayilolin ma an sa musu hannu cikin ƙasa da minti ɗaya da buɗewa. Dokar Turai, a sashe na 14, ta ambaci wannan hali na dogaro da na'ura ba tare da tunani ba, ta ce a tsara aiki yadda mai sa ido zai iya ƙin bin ta. Da na tambayi wani jami'i, sai ya ce, "Malam, in na bi na'ura manomi ya ƙi biya, laifinta ne. In na saɓa mata ya ƙi biya, ni za a kira." Gaskiya ya faɗa game da yadda muke auna ma'aikata, kuma sa hannun da aka yi a kan wannan tsoro bai cika abin da sashe na 37 yake nufi da duban mutum ba.

Saboda haka an sauya tsari a wurare biyu. Jami'i zai rubuta nasa ra'ayin da dalilinsa kafin a buɗe masa maki, idan sun saɓa kuma fayil ɗin ya tafi gaban kwamitin bashi. Manaja ya kuma sa hannu a takardar da ta ce ba za a hukunta jami'i don ya saɓa wa manhaja ba, muddin ya rubuta dalili mai ma'ana. Wannan zai rage saurin aiki, kuma sashen kuɗi ya riga ya nemi ƙarin ma'aikatan wucin gadi biyu domin rabon damina.

Kamfanin ya miƙa wa malamin ƙididdiga sabuwar manhajar da aka horar da gyararrun bayanai. Zai kwatanta makin maza da na mata, da na gabashin jiha da na sauran yankuna, ya kawo sakamako kafin a shiga azumi, sannan amintattu su yanke ko za a mayar da ita aiki. Rahoton binciken shekara da za mu kai wa NDPC yana da wa'adin 31 ga Maris, kuma an ɗauki kamfani mai lasisin hukumar da zai duba mana shi. Amsar kamfanin Legas kan ƙasar da ake ajiye saƙonnin murya na manoma ba ta iso ba tukuna, an sake aika musu wasiƙa yau, an ba su zuwa 9 ga Fabrairu.